Kwana Huɗu a Zauren Alhaji

Mun tashi da asuba daga Matamaye, ni da abokaina biyu, tsofaffi irina. Da gangan na zaɓe su. Ɗaya haƙora uku suka rage masa amma ba ya barin ƙashi da nama, ɗayan kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba tun da na san shi.

Ga dalilin tafiyar. Wani Alhaji a Damagaram yana da lambun rake wajen Dawce, ni ke gyara masa injin ban ruwa. Rani uku ya hana ni zuwa Kano ci-rani, wai in zauna kusa da talho, in injin ya tsaya a kira ni. Muka yanke jika goma a wata kuɗin jira. Kuɗin gyara yana biya, na jira kuwa shiru, har suka kai jika ɗari da hamsin. Da na tuna masa sai ya ce, "Baba, zama ai ba aiki ba ne." Ga damina ta ƙarato, rufin ɗakina duk rana ake gani ta cikinsa.

Mota jika biyu kowa, aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Daga Kance zuwa Takeita direba ya yi ta kauce wa ramuka kamar mai rawa. A Tirmini na hana abokaina sayen ƙosai, na ce su adana cikinsu, akwai aiki a gaba.

Hantsi muka yi sallama a ƙofar Alhaji. Lakkwal ɗina, wato boko, aji uku ne, amma na san ba a korar baƙo, ba a kuma barinsa da yunwa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji. Zama muka zo yi. Tunda ba aiki ba ne, ba za mu gaji ba."

Ya yi dariya ya shige. Rana ta farko shinkafa da miyar zabi. Ta biyu dambu da fura mai nono. Damagaram gari ne, jama'a! Mun ga Birni, mun ga duwatsu, kilishi kuwa tsadarsa ta sa muka gaishe shi daga nesa. Duk wanda ya zo wurin Alhaji ya tambaye mu, sai in ce, "Muna jiran kira."

Rana ta uku mai haƙora uku ya aika cikin gida da godiya, ya ce miyar jiya ta fi ta yau nama. Rana ta huɗu muka ji muryar Hajiya, uwargidan, daga bayan labule: "Alhaji, ka biya bayin Allahn nan tun buhuna bai ƙare ba!"

Bayan azahar ya fito da kuɗi, fuska a murtuke. Na ƙirga sau biyu a gabansa, cif. Har kuɗin mota ya ƙara, ya raka mu tasha da kansa don ya tabbatar mun shiga.

Kafin magariba muna Matamaye, washegari na sayi kwano bandir biyu. Abin da na koya, hakkinka ba sai da faɗa ba. Je ka zauna inda zamanka zai yi wa mutum tsada. Matsala guda ce: abokaina sun yi ƙiba, kullum suna ƙofata suna tambaya ko akwai wani da nake bi bashi a Maraɗi.