Zumar da Ba Ta Je Marsai Ba

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta watan da aka cika mana gida da zuma ba. Jikokina in suka ga na kau da kai daga cokalin zuma sai su ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ina da dalili.

A Zangon Lome aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, zamanin da Faransa ke riƙon Togo. Mijina tela ne, a zauren gidanmu yake ɗinki, hannunsa kuma na da kyau har Turawan kamfani na kawo masa aiki. Aibinsa ɗaya, baki. Ba maƙaryaci ba ne, Allah ya jiƙansa, abin da ya ji ne yake shiga kansa ya zauna har ya ɗauka nasa ne. Ni kuwa bakin nan na so. Gwaggona, ƙanwar babana, mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, tun farko ba ta so auren ba. Cewa take surutu zan ci in ƙoshi a gidansa.

Ana saura kaɗan bikinmu wani saurayin Bafaranshe, akawun kamfani, ya kawo ɗinkin fararen kaya. Ana gwada shi yana ba da labari: zai koma gida ya yi aure, ya ɗauki amaryarsa su sauka wani birni na bakin teku, Marsai. Kullum da safe su hau jirgin ƙasa zuwa wani gari na kusa, yau Tulon, gobe Arlu, jibi Ekis, su sha kallo, su dawo kafin rana ta faɗi. Ya ce sunan abin lun-da-miyal. Maigidana, da ɗan Faransancinsa na awon wuya da hannu, ya fassara wa kansa: watan zuma.

Bayan biki muka je gaida Baba. Zaure cike da dattawa, Gwaggo na daga ciki tana jin komai. Hira ta yi daɗi, sai na ji muryar maigidana yana cewa, "Allah gafarta Malam, ai ni ma Marsai zan kai ta watan zuma."

Baba malamin allo ne, ya ƙirga watanni a yatsunsa tun daga Muharram har Zulhajji, ya ce shi bai ga na zuma ba. Gwaggo ce ta leƙo ta warware musu. Ta ce, "Yaya, ai ba a littafi yake ba, maganar kasuwa ce. Kamar yadda goro ke da lokacinsa, haka Faransawa ke da watan da suke neman zuma ido rufe." Ta juya wajen maigidana. "Kai tela, ashe kana da kai. To, a gaban mutane ka faɗa. In watan nan ya mutu ba ka kai ta ba, zan zo in ɗauke 'yata, don ba zan bar ta hannun mai zuƙi-ta-malle ba."

Gwaggo ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ni kuwa ko ƙofar Marsai ban damu da ita ba, gidan mijina nake so.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Zango. Duk mai ɗan'uwa a arewa ya aika a kawo zuma. Ta Sokode ta zo a tulu, ta Basari a gora, ta Mango a garwar kananzir da aka ce an wanke. Kowa ya kawo tasa ya ajiye a zaurenmu, a sayar masa a Marsai. Har wata maƙwabciyar Gwaggo a kasuwa, 'yar ƙabilar Mina, ta aiko da kwalabe daga unguwar Be. Keken ɗinki ya koma lungu, maigida na taka shi a karkace.

Shi kuma maimakon ya fito ya ce bakinsa ne ya suɓuce, sai ya duƙufa shirin tafiya. Ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya zana Marsai a tsakar gida, babbar da'ira, ya kewaye ta da ƙananan garuruwan. Gwaggo ta duba ta ce ai ta gane, kasuwannin ƙauye ne masu ci rana-rana. Ta raba mana aiki: Tulon a kai zumar Sokode, Arlu ta Basari, ta garwa kuma a bari sai Ekis, tunda daga jin sunan mutanen can ba su san zuma mai kyau ba.

Malamai ma ba a bar su a baya ba. Limaminmu da Baba suka shafe yammaci suna gardama a kan zanen: in mutum ya tashi daga Marsai zuwa Arlu ya dawo a yini, zai yi ƙasaru ko zai cika sallarsa? Liman ya auna da ɗani ya ce tafiyar ba ta kai ba. Baba ya ce zanen tela ba hujja ba ne. Wani tsoho ya tambaya ko alƙiblar can ma gabas take. Mata kuma suka sa ni gaba da nasu: wannan a sayo mata turare, waccan madubi, wata ta ce in na ga ɗanta da ya shiga aikin jirgin ruwa in ce masa ya aiko da saƙo.

Tun daga sallar asuba har isha gidanmu ba ya rabo da mutane. Amarya ce ni, amma ban taɓa zama da mijina mun ci abinci mu biyu ba. Tururuwa ta yi hanya daga bakin titi har zaure. Tabarma na manne wa mutum a ƙafa. Maigida na ramewa ina gani, yana dariya da mutane, idonsa kuwa ya faɗa. Na san ba inda za mu, shi ma ya san na sani, amma ba mu sami ko kusurwar da za mu faɗa wa juna ba. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, duk a lokaci guda.

Ranar da wata zai mutu, da hantsi, Gwaggo ta iso da mata, har da 'yar Minar nan, da wani babban kwando wanda ba sai an gaya mini na kwashe kayana ba ne. Ta zauna kan garwar zuma ta ce, "To tela, yaushe jirgin?" Ni ina bayan ƙofa ina saurare. Maigida ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa ba abin da ya fito.

Ana haka sai ga Bafaranshen ya zo karɓar ɗinkinsa. Ya tsaya bakin zaure yana kallon tuluna. Gwaggo ta ce madalla, ga ɗan gari. Ba ta yarda maigida ya yi tafinta ba, ta sa 'yar Mina, wadda ta iya Faransanci, ta tambaye shi yadda zuma ke tafiya a Marsai bana.

Mutumin ya ce bai sani ba, shi bai taɓa sayen zuma ba. Aka ce to watan zuman fa? Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce suna ne kawai, babu zuma a ciki ko ɗigo. Ango da amarya ne ke tafiya su kaɗai.

Gwaggo ta ce, "Su sayar da me?"

Aka ce ba sa sayar da komai.

"Wa za su gaisar a garuruwan?"

Ba kowa, kallo kawai.

"Wa zai raka amarya?"

'Yar Mina ta tambaya, ta juyo tana danne dariya. Ta ce wai ai amfanin tafiyar ke nan, a guje wa dangi.

Gwaggo ta yi salati. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin lalacewa irin wannan ba, mutum ya ƙetare teku hannu rabbana don ya guje wa gwaggonsa. Ta nuna maigida da yatsa. "Ka ji ni da kyau. Ko da wasa ka kai 'yata garin nan, ni da kai ne. Tana nan ɗakinta, inda zan riƙa ganinta kullum."

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda kika ce, Gwaggo." Ni kuwa na zame bayan ƙofa na zauna, hawaye na zuba, dariya na cina.

Ta miƙe a fusace, zanenta ya manne da garwar, garwar ta bi ta, ta bugi tulun Sokode, tulun ya fashe. Dama ƙudan zuma sun kwana biyu suna zagayen gidan. Kafin a nemo abin kwashewa sun cika zauren. Bafaranshen ya fita da fararen kayansa a ka, Gwaggo ta bar kwandonta da takalmi ɗaya. Mu biyu muka faɗa cikin gida muka rufe ƙofar tsakiya.

Ƙudan suka yi zamansu a rufin zaure. Zauren nan kuwa shi kaɗai ne hanyar shiga gidan, mai iya korarsu da hayaƙi kuma ya yi tafiya. Kwanaki ba wanda ya taka mana gida. Muna da ruwa a randa, da gari, da zumar da ta fi ƙarfinmu. A nan maigida ya ba ni haƙuri, na ce ya bari. Kullum da safe sai ya kama hannuna mu tsaya cikin da'irar Marsai, ya ce yau ina za mu? In ce Tulon. Mu taka zuwa gindin randa, ya yi ta ba ni labarin jiragen da bai taɓa gani ba, mu dawo kafin azahar. Ekis kusa da murhu take, can muka fi zuwa.

Daga baya kowa ya zo ya kwashi zumarsa yana mita. Mun yi zaman aure mai tsawo, ko Kwatano bai kai ni ba, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Abin da na koya, kalmar baƙi in ta shigo gida a tambayi abin da ke cikinta kafin a aika arewa. Na kuma gane abin da sababbin ma'aurata ke bukata ba jirgi ba ne, a ɗan ba su wuri ne. Shi ya sa duk 'yar da na aurar, nakan ɗauki tabarmata in zauna a ƙofar zaurenta in mayar da dangi, ni ma ban shiga ba. Suna ce mini tsohuwa mai harbi, ni kuwa na san wurin waɗanda na koyi aikin.