Wasiƙun Mai Gyaran Agogo

Taswira ake ce masa a unguwa, ba kuma don ya taɓa zuwa ko'ina ba. Mai gyaran agogo ne, shagonsa ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin matattakalar wani bene, bango ɗaya da mai kemis. Ya yi shekara talatin a kan kujera ɗaya, gilashi maƙale a ido guda, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba.

Wani ne ya kawo masa na'urar wasan bidiyo gyara, da faifai a ciki, bai sake waiwayarta ba. Sunan wasan Kogon Tagulla, labarin wani maƙeri da dodanni suka sace wa ƙanwa, zai ratsa ƙasashe bakwai ya dawo da ita. Wasan ba shi da tausayi ko na sisin kwabo. Ba ya nuna maka hanya, ba ya gaya maka wane ganye ne magani wane ne guba, sai ka ci ka ji a jikinka. Mutane da yawa a mako guda suke jefar da shi. Shi kuwa da ya saba neman ƙusa da rarrafe, sai ya ga ya gamu da daidai da shi. Ya sayi littafin rubutu ya shiga zana kowane lungu da kowace rijiya. Kafin kashi na biyu na wasan ya fito, ya cika littafi shida.

Daga nan sunan ya bi shi. Ɗaliban jami'a da ma'aikatan banki, har da wani likitan haƙori, sukan zo shagon neman hanya. Sai ya bar su tsaye har ya rufe agogon da ke hannunsa, sannan ya ɗago.

"Ka yi wa tsohuwar bakin gada magana sau uku? Sau ɗaya? To kai ka so wa kanka."

Yana da wata magana da yake maimaitawa har mai kemis ya haddace ta: wasan da bai sa ka kuka ba, ba wasa ba ne, raino ne.

Matarsa tela ce, kekenta na falo ɗaya da talabijin, ta ba shi baya. Takan ce ba tare da ta juyo ba, "Baban Auta, shekara nawa ke nan ba a ga ƙanwar nan ba? Da ni ce, da tuni na buɗe shago a wurin dodannin."

Kashi na uku ya zo da 'yar taswira a gefen allo. Ya haɗiye wannan. Na huɗu kuwa ya zo da kibiya mai ruwan zinare tana nuna maka inda za ka, an rubuta wa kowane ganye sunansa, an kuma ba ka zaɓi uku: mai sauƙi, matsakaici, mai wuya. Mai wuyar ma a kwana tara ya gama shi. Masu neman hanya suka ɗauke ƙafa. Likitan haƙori ya koma ɗaga masa hannu daga cikin mota.

Abin ya ci masa rai, sai ya zaunar da 'yarsa Auta, yana faɗa tana bugawa a waya tana aika wa kamfanin. "Rubuta, kun mayar da zaki kyanwar falo. Rubuta, in ba ku daraja mu da muka sha wuyarku ba, wa za ku daraja?" A shekara biyu ya aika wasiƙa goma sha ɗaya. Amsa ɗaya ya samu, ana gode masa da kulawa, da hoton dodo yana murmushi.

A wannan tsakanin ne keken matar ya lalace, ya yi mako a wurin gyara. Zaman banza ya ishe ta, ta ɗauki na'urar ta zaɓi mai sauƙi. Ba ta bin kibiyar sai ta ga dama. Duk wanda ta gamu da shi a hanya sai ta tsaya sun gaisa. Da haka ta gano cewa ƙaton dodon nan na bakin tafki, wanda mijinta ya sare ba adadi, ɗansa ne ya ɓata, kuma in ka nemo masa shi zai goya ka ya haye da kai. Da ta gaya masa, Taswira ya ce ai wannan ba cin wasa ba ne, zumunci ne.

Shekara shida suka wuce. Hannunsa na dama ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, har ya daina karɓar ƙananan agogon mata, ya koma canjin batir da maɗauri. In matar ta fita sayen zare, yakan kunna kashi na huɗu, ya dubi ƙofa, ya danna mai sauƙi. Da ya ji motsinta sai ya kashe.

Rannan Auta, wadda ta riga ta fara aiki, ta shigo da kashi na biyar a leda. Ta kunna, ta karanta masa rubutun farko da ƙarfi: kamfanin ya ji koken tsofaffin 'yan wasansa, ya cire kibiya, ya cire taswira, ya cire zaɓi, yana kuma godiya ga waɗanda suka ƙi yin shiru. Mai kemis ya biyo ta har gida yi masa murna.

"Ka ga ranar naci, maigida. To bismilla, nuna mana."

Mai gadin ƙofar farko ya kashe shi kafin mai kemis ya gama zama. Ya ce yana ɗanɗana wasan ne. A mako guda mai gadin nan ya kashe shi sau arba'in da bakwai. Abin takaicin, ya san sirrin tun kwana na biyu: da kafaɗar mai gadi ta sunkuya, ka kauce hagu. Ido ya gani, kai ya sani, amma kafin babban yatsa ya isa an riga an yi masa jana'iza. Ya miƙa wa matar ta gwada, ta ce ita ba ta zama abu yana zaginta a cikin falonta.

A mako na uku ya kira Auta, ya ce ta ɗauko wayarta.

"Rubuta, wata baiwar Allah ce, tela, mai son wasanku, take roƙon ku dubi masu rauni irinta, ku dawo da mai sauƙi."

Keken ya tsaya. "Ni na aike ka?"

"Ai taimakonki nake yi."

"Auta, ƙara da cewa telar tana da gemu."

Auta ta danne dariya, ta aika yadda ubanta ya faɗa. Bayan wata biyar, da yake masu irin wannan roƙo sun yi yawa, kamfanin ya ƙara wani zaɓi da ya kira Hanyar Labari, don kada kowa ya ji kunyar dannawa. Ranar da abin ya iso, Taswira ya rufe shago da wuri, kuma kafin a gama girki ya wuce ƙofa uku.

Washegari mai kemis ya leƙo, ya tambaye shi ko ya ji kamfanin ya sake sassautawa. Taswira ya girgiza kai yana danna batir a bayan wani agogo.

"Na ji. Mutanen yanzu ba su da juriya. Abu kaɗan sai su kama rubuta wasiƙa."