Sallamar da Ban Amsa Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba kowane mai rai muryarsa, Ya kuma keɓe ɗan Adam da sanin ma'anar abin da yake furtawa. Tsira da aminci su daɗa tabbata ga Fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, gidana yana Gada Biyu, kuma katanga ɗaya ce ta raba ni da wani dattijo Kirista, ɗan asalin ƙasar nan, wanda ya yi aikin kula da dabbobi a Vom har ya yi ritaya. Duk unguwa Likita ake kiransa, ko da yake shi da bakinsa yakan ce allurar shanu kaɗai ya iya. Mun haura shekara ashirin muna maƙwabtaka ba tare da ɗayanmu ya ɗaga wa ɗaya murya ba. Da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka watse wuraren aiki, sai babbar 'yarsa ta kawo masa aku a keji, mai launin toka da jar wutsiya, don ya riƙa ɗebe masa kewa. Ya rataye kejin a barandarsa. Barandar kuwa jingine take da bangon zaurena, inda nake zama da littattafaina daga hantsi zuwa azahar, in kuma koma bayan la'asar.

Watannin farko fito ne da ƙara kawai. Daga nan ya koyi kukan waya, har uwargidana ta sha fitowa daga kicin da gudu tana neman tata. Wannan duk na jure. Abin da ya gagare ni shi ne ranar da ya koyi sallama.

Gidana gida ne da ake yawan zuwa, masu tambayar hukunci da masu gaisuwa, kowa kuwa a ƙofar zaure yake tsayawa ya yi sallama, daidai kunnen akun. Wata safiya ina tsakiyar bita na ji sallama sarai, na amsa, na ce a shigo. Shiru. Na dogara sanda na miƙe, domin gwiwoyina sun daɗe da ƙin biyayya, na leƙa, babu kowa sai wata akuya a bakin kwata. Kafin azahar na yi wannan tashin sau biyar. A na shida ne na ji sallamar ta ƙare da fito.

Na zagaya wurin Likita. Na same shi yana ɓare wa tsuntsun gyaɗa.

Na ce, "Likita, ɗalibinka ya fara karatu ba tare da izinin malami ba."

Ya yi dariya har da tari. Hausarsa irin ta nan garin ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Malam, ai kai ne malamin shi. Ni shekara nawa ina koya mashi ya ce yabo ga Ubangiji, ya ƙi. Naka ya ɗauka. Ka gani ko tsuntsu ma ya musulunta a hannunka."

"Musuluntar da ke hana dattijo zama ba ta da lada a wurina. Ka mayar da shi can bayan gidanka."

Ya mayar. Kwana huɗu akun ya ƙi cin abinci, ya dinga fige gashin ƙirjinsa, don can baya ba ya ganin hanya, ba ya ganin mutane. Likita ya zo da kansa ya tsaya a ƙofata, hula a hannu, ya ce, "Malam, zai mutu fa." Na ce ya mayar da shi inda yake. Da bakina na faɗa, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

To, sai na koma ga abin da na sani. Na duba littattafan fiƙihu, na kuma ba kaina fatawa: amsa sallama wajibi ne idan ta fito daga mai hankali da ya nufe ka da ita, tsuntsu ba shi da niyya, sautinsa tamkar amsa-kuwwa ne a tsakanin duwatsu. Saboda haka babu laifi a kaina in na yi shiru. Na kuma horar da kunnena. Akun yana da muryoyi kamar huɗu da ya haddace, na san su ɗaya bayan ɗaya, in na ji ɗaya daga cikinsu ko kai ba na ɗagawa. Har na ji daɗin kaina, ina ganin ilimi ya yi mini maganin abin da rarrashi ya kasa.

Ɗaya daga cikin muryoyin nan huɗu ta surukina ce, mahaifin mijin 'yata ta ƙarshe. Dattijo ne mai nauyi, tsohon tela, yana zaune a Daɗin Kowa. Sallamarsa ba ta ɓoyuwa: sai ya yi gyaran murya sau biyu tukuna, sannan ya ja ƙarshenta kamar mai ladanci. A lokacin da 'yata ta zo wankan gida ya yi ta zirga-zirgar ganin jikansa, akun kuwa ya kwashe sallamar tasa tsaf, har da gyaran muryar.

Wata Laraba bayan la'asar, ana yayyafin nan mai sanyi, ina zaune ina karatu a bayyane. Na ji gyaran murya sau biyu, na ji sallama. Na ci gaba da karatuna. Aka sake. Na ƙara ɗaga murya don in danne ta. Da aka yi ta uku, haƙurina ya ƙare, na juya wajen bango na ce, "Kai, ka ishe mu! Ba mai amsa maka yau, ka yi ta yi har ka gaji."

Aka yi shiru. Na ce a raina yau dai ya ji magana.

Sai bayan magariba 'yata ta kira uwarta tana kuka. Surukina ne da kansa. Ya hau mota biyu daga Daɗin Kowa cikin ruwan nan don ya gaya mini da bakinsa cewa za a aurar da autarsa, yana so ni in ɗaura auren. Ladabin da aka koya mana tun muna yara shi ne mutum ya yi sallama sau uku, in ba a ba shi izini ba ya juya. Ya yi ukunsa cif. Ya ji muryata, ya ji abin da na ce, ya juya bai ce wa kowa komai ba sai da ya isa gida.

Uwargida ta tsaya a kaina da waya a hannu. Ta ce, "Malam, duk littattafan nan ba wanda ya ce maka ka leƙa?"



Washegari da hantsi na tafi Daɗin Kowa. Wanda ya san nauyin da ke tsakanin surukai zai san abin da ake nufi da mutum mai furfura ya zauna gaban surukinsa yana cewa da aku yake. Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan darduma. Sannan ya ce, "Ba komai, Malam. Allah Ya kiyaye gaba." Aka kawo shayi, muka sha, muka yi zancen sanyi da tsadar dankali. Maganar ɗaurin aure bai tayar ba, ni ma ban iya tayarwa ba. Ko ya gaskata ni ko bai gaskata ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne limamin unguwarsu ne ya ɗaura auren, ni kuma na zauna a sahu na biyu cikin 'yan gayya.

Ran da na baro gidan surukina ban wuce gida ba, wurin mai unguwa na nufa. Akwai wata ƙa'ida da mutanen unguwarmu suka rubuta shekarun baya, lokacin da wasu suka fara kiwon kaji da yawa a tsakiyar gidaje har wari ya hana mutane sakat. Na ce a karanto mini ita. Ya ɗauko takardar, ya sa tabarau, ya bi da yatsa: kaji, agwagi, talo-talo, tattabaru, kowanne da iyakar abin da gida ɗaya zai ajiye.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, aku ba ya ciki."

Na ce, "Dalilin ƙa'idar ai cutar da maƙwabci ne. Inda dalili ya samu, hukunci yana binsa. Wannan ƙiyasi ne da ko ƙaramin ɗalibi ya sani."

Ya cire tabarau yana murmushi. "Malam, dubagarin da ake turowa bai karanta ƙiyasi ba. Shi hanci yake zuwa da shi. In ba wari, ba kashi a kwata, tsuntsu kuma guda ɗaya tak, me zai rubuta? Ya ce an kama shi yana sallama?"

Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya gyara zama. Ya ce hanya ɗaya ce: in rubuta ƙara da hannuna cewa ƙarar tsuntsun tana cutar da ni, in sa hannu, shi zai miƙa ta gaba, kuma da shekaruna da matsayina yana ganin za a matsa wa Likita ya rabu da shi.

Ba na cin mutum ta baya, saboda haka na je na gaya wa Likita abin da ya faru da abin da nake shirin yi. Ya dubi tsuntsun. Sannan ya ce, "Wannan abu ya yi muni, Malam. Ka kai ni wurin baban nan, ni da shi," ya nuna kejin, "ya ji da kunnen shi." Na ce masa kai aku gaban suruki ya ba da shaida ƙarin wulaƙanci ne, ba gyara ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To rubuta. Ba zan yi fushi ba. Gidan ne dai zai yi shiru da yawa."

Na zauna da takarda da alƙalami kwana uku. Na san haƙƙin maƙwabci, na karantar da shi shekaru, na kuma san cutarwa abar gusarwa ce. Duka biyun suna cikin littafi ɗaya, babi kusa da babi. Ban rubuta ba. Kada mai karatu ya ɗauka zuciyata ce ta yi sanyi, domin har yanzu in na ji fiton tsuntsun nan raina ɓaci yake. Abin da ya tsayar da hannuna shi ne duk yadda na juya jimlar, sai in ga ba akun ne ya ce wa surukina ya ishe mu ba.

Na janye fatawata. Yanzu kowace sallama na ji, ina amsawa, in dogara sanda in tashi in leƙa. Mafi yawansu bango nake amsa wa. Karatun da nake gamawa kafin azahar yanzu yana kai ni la'asar, gwiwoyina kuma suna gaya mini ra'ayinsu kowane tashi. Muryar surukina ina jin ta kusan kullum, da gyaran muryarta biyu, ina kuma fita kowane lokaci. Shi kansa bai sake taka ƙofata ba. Gaisuwarsa ta bakin 'yata take zuwa.

Allah Ya ba mu haƙurin zama da maƙwabtanmu, Ya daidaita tsakaninmu da waɗanda muka ɓata wa ba da nufi ba. Ya sa albarka ga wanda ya karanta wannan da iyalinsa, Ya tsare ƙofar gidansa daga mayar da baƙon alheri. Amin.