Hajiya, Gaya wa Malama

Da na zaɓi in yi binciken digirina na uku a kan kamfanin jiragen sama na ƙasa, yadda aka tafiyar da shi da yadda ya durƙushe, abokan aikina a sashen tattalin arziki dariya suka yi ta yi mini. Wata ta ce, "Ke da ko Zariya sai an lallaɓa ki kike zuwa, ina ke ina jirgi?" Na ce mata ai likitan haihuwa ma yakan zama namiji, kuma bai taɓa naƙuda ba. Gaskiyarta ce dai, har lokacin ban taɓa taka jirgi ba. Abin da na sani kawai, muna yara a Gwammaja, in jirgin alhazai ya bi ta kan unguwa sai mu bar wasa mu yi ta ɗaga masa hannu muna ba da sautun tsaraba. Na girma, jirgin ya ɓace, duk wanda na tambaya sai ya ce mini "ai cinyewa aka yi". Ni kuwa wannan ba ta ishe ni amsa ba. Wa ya ci, kuma da wane cokali?

Na tara takardu har suka kore mu daga kan teburin cin abinci. Na kai wa Farfesan da ke duba aikina, ya juya su ya ture, ya ce, "Malama, wannan duk ƙashi ne, ina naman?" Abin da yake so shi ne bakin wanda ya zauna a ofishin Kano, wanda ya tsara tashin jirage da hannunsa. In babu wannan, in ji shi, babi na huɗu ba zai tsaya da ƙafarsa ba, wa'adin da jami'a ta ba ni kuma ya kusa cika. Na shiga nema. Wasu sun rasu, wasu sun koma garuruwansu, ɗaya ya karɓe ni da lemo da fara'a, da na fito da tambayoyi ya tuna yana da ɗaurin aure.

Abin haushin, mutumin da nake nema na san gidansa, na san har irin miyar da yake so. Baba ne, mahaifin mijina, a Gwale. Ya fara da sayar da tikiti yana saurayi, ya kai ga shi ke tsara jigilar alhazai, bai bar wurin ba sai da aka rufe kamfanin.

To amma suruki ne. Tun da aka kai ni gidan ɗansa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake durƙusawa in ce, "Baba, ina wuni," ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," sai ya ƙara muryar rediyonsa, ni kuma in sulale. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Shi ma haka, in ya shigo ya tarar ina tsakar gida sai ya yi gyaran murya ya koma soro. Mijina kuma ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "yaron nan". Da na roƙe shi ya yi mini tambayoyin, zaro ido ya yi ya ce, "Ni? In tasa Baba a gaba kamar ɗan sanda? Ki rufa mini asiri."

Hajiya ce ta gano ni, wato surukata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta ganin abu ta ƙyale. Ranar nan ina taya ta tsinkar zogale ta ce, "Ke, wannan ramar ta mece ce? Yaron nan ne?" Na ce a'a, na kwashe labari na gaya mata. Ta yi tsaki ta ce, "Dama a kan tsohon nan kike neman kashe kanki? Mutumin da ya cika mini kunne da zancen jirgi tun ina amarya! Karanta mini tambayoyin, ni zan yi masa, ke ki zauna a bayana."

Haka muka tsara, duk Asabar bayan la'asar. Baba yana kan kujerarsa a ƙofar ɗaki, ƙarƙashin rumfa. Hajiya tana kan tabarma da tirenta. Ni ina bayanta kusa da randa, na ɗan juya gefe, wayata a kan faifai tana naɗar magana. Ranar farko ta ce, "Alhaji, Malama tana so ta naɗi hirarmu ta jirgi saboda karatunta, ka yarda?" Ya rage rediyo, ya ce, "Hajiya, gaya wa Malama hirar tsofaffi ce, in tana da amfani ta ɗauka." Daga ranar kusan duk amsar da ya bayar da wannan take farawa, Hajiya, gaya wa Malama, alhali ina zaune ina jin har numfashinsa.

Tambayoyina kuwa sun sha wuya a bakin Hajiya. Na rubuta, da Hausar 'yan boko, yaya yawan sauya shugabanni ya shafi tsare-tsaren kamfanin na dogon lokaci. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta juya ta ce, "Alhaji, wai shugabannin nan naku da ake canzawa kamar zanin gado, akwai wanda ya taɓa zama har kujerar ta yi ɗumi?" Na ji kamar in nutse. Baba kuwa dariya ya yi har da tari, sannan ya ba da amsar da ta fi ƙarfin tambayata. Ya ce kowane sabo da nasa tsarin yake zuwa, kafin ma'aikata su gane inda ya dosa an ɗauke shi, a koma farko.

A nan na ji abubuwan da na karanta a takarda sun yi numfashi. Ya ce a jigilar alhazai jirgi yakan tafi cike ya dawo fanko, mai kuwa zuwa da dawowa duk sai ya sha. Ya ce kayan gyara da kuɗin waje ake sayo su, tikiti kuma da naira ake sayarwa, kuma ba ka da ikon ƙara farashi sai an yarda daga sama. Ya ce jirgin da ke ajiye yana jiran gyara kamar doki ne a turke, ko bai fita ba sai ya ci. Hajiya ba ta barinsa ya yi nisa. Sai ta katse shi ta ce, "Gaya mata dai ranar da na haifi auta kana ina." Ya ce, "Ina bakin aiki." Ta ce, "Yana filin jirgi yana lallashin matan mutane su hau layi, tasa matar tana nan tana kiran sunan Allah." Ya ce, "Hajiya, gaya wa Malama ta goge wannan." Ta ce, "Kada ki goge."

Wallahi na so zaman nan fiye da binciken kansa. Iyayena sun rasu da wuri, ban taɓa ganin yadda tsofaffin ma'aurata suke tsokanar juna ba. Sau da yawa nakan manta da tambaya ta gaba, sai Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu.

Tambaya ɗaya ta rage, ita ce kuma Farfesa ya ja wa layi da jan biro. A takardun da na karanta, jirage suna tashi cike, abin da ke shiga aljihun kamfani kuma bai kai cikar ba. Ana yawan ambaton kujerun alfarma, wato a ba wani kujera don darajar wanda ya aiko shi. Ina so in ji daga bakin wanda ke riƙe da jerin fasinja yadda abin yake faruwa. Na karanta wa Hajiya a ƙofar kicin, Baba yana ɗaki yana shirin fitowa. Ta ajiye tire ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Wannan ba tambaya ba ce, tuhuma ce. Kin san shekara nawa 'yan unguwar nan suka yi suna yi masa habaici, wai su ne suka cinye jirgi? Mutumin da ya fito daga aikin nan da rediyo da hawan jini! Shi zan tsare a tsakar gidansa in maimaita masa? A kai kasuwa."

Na yi magiya, ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban dai nuna ba. A cikin adaidaita sahu na sauke fushina, na yi ta mita har direban ya waiwayo ya ce, "Hajiya, da ni kike?" Na ce da kaina nake. Na ƙudura zan bar ta ta huce, in sake lallaɓowa ta wata hanya, tunda mai nema ba ya fushi.

Ban samu wannan damar ba. Zazzaɓi ya kwantar da Hajiya, muka ɗauka na kwana biyu ne, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Gidan ya cika da 'yan gaisuwa, sannan ya watse, ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Na rufe kwamfuta na tura takardu ƙarƙashin gado. Na gaya wa Farfesa zan rubuta abin da ya samu, in bai isa ba shi ke nan. Ya ce mini a hankali, "Ba zai isa ba, Malama, amma Allah ya ba ku haƙuri." Ban ji haushinsa ba. Wadda za ta yi mini tambayar ta tafi, ni kuma ba a haife ni da bakin da zan yi ta ba.

Muka raba kwanakin kai wa Baba abinci da 'ya'yansa mata, Asabar ta faɗo kaina. Bayan an yi sadakar arba'in, na je da tuwo da miyar kuka, irin wadda yake so, mai daddawa da yawa. Yana kan kujerarsa, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Tabarmar Hajiya tana naɗe a jingine da bango, ba wanda ya iya ɗauke ta. Na ajiye kwanukan daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na miƙe zan tafi, sai na ji ya kashe rediyo.

Bai dube ni ba. Wurin da Hajiya take zama yake kallo, ƙasa ce kawai a share. Ya ce, "Hajiya, tambayi Malama, yau ba ta zo da na'urar ba ne?"

Na juyo. Na je na ɗauko tabarmar na shimfiɗa ta a inda take zama. Na koma bayanta kusa da randa na zauna a wurina, na ɗora wayar a kan faifai. Na danna, ta fara naɗa.

Ya ce, "Hajiya, gaya wa Malama na ji tambayar da kika ƙi yi mini. Ƙafata ce ta tsufa, kunnena yana nan."

Ya yi magana a nutse, yana jan carbi. Ya ce in lokacin jigila ya zo, kafin ya dawo daga masallaci da asuba soron gidan nan ya cika. Ga aminin mahaifinka, ga malamin da ya biya maka Fatiha, ga wanda ya tsaya maka a neman aure, kowa ya zo da nasa ko ya aiko ɗansa. Ka isa ofis kuma waya tana jiranka daga manya. Ya ce bai taɓa sa sisin kowa a aljihunsa ba, Allah shi ne shaida. Amma ya sha matsar da wani ya sa wani, ya sha ce wa mai tikiti a hannu ya dawo gobe, mutumin nan kuma in ya tashi tafiya ta gaba wani kamfanin yake nema.

Ya ce, "Hajiya, gaya mata a unguwa ana ce mana masu mutunci. Jirgi kuwa bai san mutunci ba, mai yake sha. Ba mu kaɗai muka kayar da shi ba, akwai abubuwan da suka fi ƙarfinmu, ta riga ta ji su. Amma da an tsara aikin yadda ƙaramin ma'aikaci zai dubi dattijo ya ce, Baba, ba a hannuna yake ba, kuma ya zama gaskiya ya faɗa, da an taimake mu, da an taimaki jirgin. An bar mu da kunya, aka ce mu yi kasuwanci da ita."

Wannan maganar ce ta zama ƙashin bayan babi na huɗu, a kanta kuma na gina shawarwarin da na bayar a ƙarshen kundin. Amma a lokacin ba kundi nake tunani ba. Hawaye nake sharewa da gefen mayafi, ina ƙoƙarin kada wayar ta ɗauki shessheƙata.

Ya ce, "Ta rubuta yadda na faɗa. Kada ta yi mini kara don ina uban mijinta."

Aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Ya jawo butarsa da ƙafa, ya gyara hula, amma bai tashi ba. Ya sake duban tabarmar ya ce, "Hajiya, akwai saura?"

Da tana nan, ita ce za ta waiwayo ta zungure ni. Yana jira, na gane ba wanda zai amsa in ba ni ba. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa gaya masa abin da ya wuce gaisuwa ba. Na dubi tabarmar nima.

Na ce, "Hajiya, ki gaya wa Baba babu saura. Ki ce masa na gode, kuma ya ci tuwon tun da zafinsa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ta ji."