Akwatin Maman Mai Hadari

A unguwarmu Lamordé, Maman Mai Hadari muke ce masa, shi kuwa ba ya son sunan ko kaɗan. Mutumin garin Tawa ne, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Aikinsa a jami'a gyaran kayan gwaji na malaman kimiyya. Shi ya haɗa musu wani akwatin gilashi: tsumma jiƙe da sinadarin alkol a sama, ƙanƙara mai azabar sanyi a ƙasa, sai hazo ya taso a ciki. Cikin hazon nan akan ga farin layi ya gilma ya ɓace. Maman ya ce sawun wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu zubowa daga can wajen taurari dare da rana, su ratsa rufi su ratsa mutum bai ji ba. Da irinsu, in ji shi, masana ke binciken yadda sammai da ƙasa suka faro. Mu dai hazo muka ji, muka mai da shi hadari.

Shekarar fari, zamanin soja, sunan ya zame masa kaya. Mata a bakin famfo sai su tambaye shi yaushe zai buɗe akwatin. Har wani soja mai tsaron gada ya taɓa jan sa gefe, ya roƙe shi a asirce ya tuna da garinsu.

Ana haka mahaifinsa, Malam Halidu, ya iso daga ƙauye, ba komai a hannunsa sai ƙullin irin hatsi. Tsohon ya daina ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce an rufe ta, ba abin da zai ƙara saukowa. Wata safiya ya miƙa wa Ramatou, matar Maman, ƙullin, ya ce ta daka a yi fura. Manomi kuwa in ya ci irinsa, ya sallama gona ke nan. Ramatou ta zuba a turmi, ta shiga jan ƙafa wajen neman taɓarya.

Maman ya goya tsohon a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, har wurin aiki. Ya rufe tagogi, ya haska akwatin da fitila. Layi ya gilma, wani ya biyo.

"Wannan daga ina?" in ji tsohon.

"Daga sama, Baba. Yanzun nan suka sauko."

"Ruwa ne?"

"A'a, Baba. Ko ɗigo ba sa zama."

Da na ji labarin haushi ya kama ni: 'yar ƙarya guda ta gagare shi? Amma tsohon ya daɗe yana kallo, har ya yi dariya. Ya ce ashe ƙofar a buɗe take, Mai aikowa ne bai kai kan ruwa ba tukuna.

Da suka komo gida, Ramatou na nan tana neman taɓaryar da ke jingine a gabanta. Malam Halidu ya durƙusa, ya kwashe irin daga turmi har ƙwayar ƙarshe, ya ƙulle.

"Dafa mana wani abu, ɗiyata," ya ce. "Wannan na damina ne."