Saƙon Waccan ta Rogo

Rumfata tana bakin tashar Karaye, ta gefen da motocin Rogo suke lodi. Ba ni da mota, ba na kamasho, sitiyari kuwa sau ɗaya na taɓa riƙe shi, mai shayin da na nufa har yau bai yarda da ni ba. Aikina ajiyar saƙo. Wanda yake da abin aikawa Rogo amma ba zai iya zaman jiran mota ta cika ba, sai ya kawo min ya wuce gonarsa, in mota ta tashi in danƙa wa direba. Abin da ya zo daga can ma a hannuna yake sauka har mai shi ya zo. Buhun irin gyaɗa, kan keken ɗinki da aka kai gyara, zabi a kwando suna zagina da yarensu. Mutane suna cewa ina da amana. Ni dai na san lalaci ne: inda aka bar ni nan ake samuna, shi ya sa kayan ma ba sa tashi.

Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma rabinsa a gyangyaɗi na yi. Na iya rubuta suna a jikin buhu, in sunan bai cika tsawo ba. Sauran bayanin da tsumma nake yi. Abin da zai lalace in ɗaura masa ja, wanda ake jiran amsarsa in ɗaura masa fari, wanda ba ruwansa da sauri in bar shi tsirara.

Babbar 'yata tana aikin kwamfuta a Kano. Na daɗe ina gaya wa mutanen tasha cewa gyaran talabijin take yi, don shi ne iyakar abin da zan iya karewa in an ja ni da tambaya. Wata damina ta zo ganin gida, sai ta riƙa biyo ni rumfa da kwamfutarta, wai sabis ya fi ƙarfi a tasha. Ina zaune ina kallon yatsunta suna ta tsalle, har dai na daure na tambaye ta mene ne ainihin abin da ake biyanta a kai.

Ta ce, "Baba, ai aikinka nake yi."

Na ce, "To Allah ya ba ki haƙuri."

Ta yi min bayani a hankali, kamar mai ba mara lafiya kunu. Wai kwamfutocin bankuna da manyan kamfanoni suna aika wa juna saƙo ba dare ba rana, amma ba hannu da hannu ba. Akwai wata manhaja a tsakiya, ita take karɓa, ta jera su a layi, ta miƙa wa mai shi in ya shirya karɓa. Kowane saƙo kuma yana da ciki yana da kai. Cikin shi ne abin da aka aika. Kan kuwa gurabe ne da ake cikewa: wa ya aiko, ina za shi, mece ce lambarsa, yana da gaggawa ko babu, yaushe wa'adinsa zai ƙare ya zama banza, ina za a mai da amsa, an taɓa kai shi an dawo da shi ko wannan ce tafiyarsa ta fari. Ita aikinta tsara waɗannan gurabe, don ta tsakiyar nan kai kawai take karantawa.

Na ce, "Ba ta ɗan leƙa ciki?"

"Ba ruwanta da ciki."

"To ba aikina kike yi ba. Ni nakan ɗan matsa buhu in ji abin da duniya take ciki."

Na tambaye ta, in saƙo ya zo ba a san inda za shi ba fa? Ta ce akwai lungun da ake tara irinsu, waɗanda suka rasa mai karɓa. Na nuna mata nawa lungun, can bayan randa, inda wata fitila da takalmi wari ɗaya suka tsufa tare da ni.

Muna cikin haka, da hantsi, wata dattijuwar Bafulatana ta iso. Na san fuskarta, daga rugagen wajen Kwanyawa take kawo nono. Ta sauke tallanta, sannan ta sauke wata ƙwarya daban, an rufe ta da sabon faifai an ɗaure da shuɗin ƙyalle. Muka gaisa, na tambayi shanu da maruƙa da ruwan bana, ta tambayi iyali da kasuwa, har gaisuwa ta ƙare ba wanda ya ci bashin wani.

Ta tura ƙwaryar gabana. "A kai Rogo."

"An gama, Inna. Wa za a ba?"

"Waccan."

"Wacce?"

"Ta can ɗin mana, Kaɗo."

Hancina ya riga ya gaya min man shanu ne, ga kuma ƙullin yaji da kanwa a gefe. Kayan mai jego. Na ce an samu ƙaruwa ke nan, ta ce haka ta ji ana faɗa, wai gobe suna. Yadda ta faɗe shi sai ka ce labarin wata ƙasa take bayarwa. Nan na gane: 'yar fari ce. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma a wurin mutanen ruga abin ya fi namu nisa. Ba za ta kama sunanta ba, ba za ta nuna ta damu da ita ba, ko da kuwa ita ta kwana tana kaɗa man nan. Zuwa da kanta ma ba magana, ta ce wa zai kula da maruƙa. Waya kuma tana hannun mazan gidan, sun yi nisa da shanu.

'Yata ta jawo wani kwali da abin rubutu, ta ce cikin ladabi, "Inna, yaya sunanta?"

Dattijuwar ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce da alama hadarin nan na yamma ne.

"To sunan maigidanta fa?"

Wannan ya fi na farkon muni, suruki ne. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta dube ni irin kallon wa ya haifi wannan.

Sai na gyara zama. Na ce wa 'yata ta matsa, wannan ba aikin kwamfuta ba ne, aikin furfura ne. Na shiga zagaye. Wace unguwa? Sabon Gari. Akwai alama a ƙofar gida? Akwai darbejiya. Na ce ya isa. Na ɗaura jan tsumma, na kira direban da yake kan layi, wani mai a-kori-kura da ya daɗe yana ɗaukar min kaya, na ce masa Rogo Sabon Gari, gida mai darbejiya, an yi haihuwa, gobe suna, mai jegon Bafulatana ce. Ya ɗauka ya tafi. Na juyo na ce wa 'yata ta rubuta wannan a kwamfutarta, kyauta na ba ta. Dattijuwar ta ɗauki tallanta ta shiga gari, ta ce wataƙila ta biyo ta nan in za ta koma, ba don komai ba, hanya ce.

Bayan azahar sai ga direba, ga ƙwarya a hannunsa.

Ya ce, "Baba, kai ka taɓa zuwa Sabon Garin nan kuwa? Darbejiya ta fi mutane yawa. Gidan haihuwa biyu aka nuna min. Ɗaya an riga an yi suna, har an cinye ragon. Ɗayan na yi sallama na ce saƙo daga mahaifiyar mai jego, aka ce min mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Ka ga inda ka tura ni. Ga fasinjoji suna ta danna min hon."

Ƙwaryar ta sha rana a gaban mota, man ya fara saki, har faifan ya yi duhu a gefe. Na jiƙa buhu na lulluɓe ta, na tura ta gindin randa. 'Yata ba ta ɗago daga kwamfuta ba ta ce, "Baba, wane launin tsumma kake ɗaura wa wanda aka kai aka dawo da shi?" Na ce mata launin rashin kunya, kuma ya ƙare.

Dariya muka yi, amma cikina bai yi ba. Motar ƙarshe ta Rogo kafin magariba take tashi. In ta wuce sai gobe, gobe kuwa da sassafe ake raɗa suna, mata su ɗora tukwane. Man da ya iso bayan an watse, ko bai narke ba, ya zama kamar ba a aika ba. Ita kuma waccan tana can cikin dangin miji, kowa uwarsa ta aiko, ita za a dubi gefenta a ga wayam.

Da la'asar dattijuwar ta biyo, hanya ce. Idonta ya sauka kan shuɗin ƙyallen nan da ya leƙo daga ƙarƙashin buhu. Ta ɗan tsaya. Sannan ta ce, "To, ba komai. Dama ba wani abu ba ne." Ta durƙusa za ta ɗauka, sai na ga tana ta gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi. 

'Yata ta rufe kwamfuta, ta sauko ta zauna a tabarma kusa da ita.

"Inna, wannan ce haihuwarta ta fari?"

"A'a. Akwai wani ɗan banza a gaba."

"Au, ashe kina da miji a Rogo."

Sai ka ce an buɗe famfo. Jika ai abokin wasa ne, ba kunya tsakaninsu. Ta ce miji ko marowaci, tun da aka haife shi ko sabulu bai taɓa saya mata ba. Kunnuwa kamar faifai, ci kamar gara. Ta kama sunansa ta faɗa, ta ƙara da sunan tsokanar da ta laƙaba masa, ta sake faɗa don kada mu manta wanda ake zagi. Ta ce wai har an sa shi makaranta, kullum yana zaune gaban injin niƙan da yake jikin gidansu yana haɗiyar gari, duk unguwar an san shi da wayo. 'Yata tana ta "Allah, Inna?" hannunta kuma yana tafiya a kan kwali.

Ta karanta min abin da ta rubuta. Zuwa ga yaro wane, gidan da yake jikin injin niƙa, Rogo Sabon Gari, a miƙa wa mahaifiyarsa. Daga kakarsa. Da gaggawa, kada ya kwana a mota. A mai da amsa rumfar saƙo ta tashar Karaye. Sannan ta nemi izini ta yagi siririn bakin shuɗin ƙyallen, ta raba biyu, ta ɗaura rabi a jikin kwalin ta ba ni rabi. Ta ce a wurinsu lamba ake sa wa saƙo, amsa ta dawo ɗauke da lambar nan, don a san amsar wane ce. Na ce mu a nan fuskar mutum ce lambarsa, amma na karɓa na soke a hula.

Da direban ya ji sunan yaron sai ya ce, "Mai kunnuwan nan? Ai ni nake kai wa mai injin man fetur."

Bayan mota ta tashi, dattijuwa ta tafi, na tambayi 'yata ina ta samo wannan dabara. Ta ce a aikinsu ma wani lokaci ba a aika saƙo da ainihin sunan wurin, sai a sa wani sunan da yake nuni zuwa can. Ta shiga naɗe wayar caji. Can ta ce, "Kuma Baba, duk buhun gyaɗar da ka taɓa aiko min Kano, sunan jikanka ne a jiki, ba nawa ba."

Allah ya taimake ni wata akuya ta sa baki a buhun wani, na tashi na bi ta har bayan tasha, na daɗe ban dawo ba.

Washegari da yamma ƙwaryar ta dawo, an wanke ta tas, ga rabin shuɗin ƙyalle ɗaure a wuyan ƙullin da yake ciki. Na matsa, ba laifina ba ne, hannu ne ya saba: goro, dabino, da soyayyen naman suna. Na ajiye ta a inuwa.

Da safe dattijuwar ta zo. Muka gaisa har ƙasa. Ta tambaye ni ko na san yadda ake sayar da gishiri yanzu. Na tura mata ƙwaryar, na juya ina magana da ginshiƙin rumfa, na gaya masa an ce mai jego tana lafiya, mace aka samu, kuma da man aka yi miyar suna.

Ta ce, "Ni na tambaye ka, Kaɗo?"

Ta kwance ƙullin, ta zaɓi goro mafi ƙanƙanta ta ba ni, ta zaɓi babba ta ce a ba yarinyar nan mai tambayar abin da ba a tambaya. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta tafi. Har ta kai bakin titi sai ta dawo, ta tsaya nesa kaɗan, ba ni take kallo ba.

"Direban nan, da idonsa ya gan ta?"

Na ce, "A zaure ya tsaya. Amma ya ce ya jiyo muryarta daga ciki, da aka buɗe faifan, tana dariya."

Ta ce to. Ta gyara zaman ƙwaryar, ta kama hanyar Kwanyawa.