Shekara Tara Ba Yaya Halima, Uwar Taron Al-Sih

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Halima. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, amma a unguwar Al-Sih ta Madina duk Bahaushiyar da ta haifi yaro mai jinkirin fahimta ta san ƙofarta.

Ɗanta Bashir ya kai shekara shida bai iya haɗa magana ba. A wancan lokacin mutanenmu Hausawa, 'yan Sudan da 'yan Chadi, ɓoye irin waɗannan yara suke yi. In baƙi sun zo sai a tura su ɗakin ciki. Yaya ta ƙi. Farar jallabiya take sa masa, ta kai shi kowane biki, ta zaunar da shi a gaban tiren abinci tare da kowa. Mata suka fara zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, har abin ya zama taron kowace Alhamis a falonta.

Tare muka je gidan Kaltume, wata 'yar Chadi mai aikin shara a filin jirgi. Muka tarar da ɗanta Musa ɗaure a ƙafar gado, don ba ta da mai kula da shi in ta fita aiki. Yaya ba ta yi mata faɗa ba. Ta kwance igiyar, ta ce, "Kaltume, daga gobe ki riƙa kawo min shi. Ranar da ba na nan, akwai Zainabu." Ni ce Zainabun, kuma ba ta shawarce ni ba. Daga nan iyaye mata suka fara karɓa-karɓar yaran juna.

Bayan rasuwarta taron bai daɗe ba. Wasu suka ce a miƙa wa maza masu ilimi, wasu suka ce ai uwa ce ta san ciwon. Ana cikin jayayya Alhamis ta koma rana kamar kowace. Da Kaltume ta rasu, aka tura Musa Chadi wurin kawun da bai taɓa gani ba, shi da bai san ko'ina ba sai Madina. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Yau akwai cibiyoyin kula da su, an kuma sama wa yaran suna mai daɗi da Larabci. Yaya za ta yi murna, na sani. Amma za ta tambaya: yaron da iƙamar uwarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare fa? Kuma a cikin masu jawabi a madadinsu, ina irin su Bashir?

Abin da ya saura nata yana ɗakina. Bashir ya yi furfura a gemu. Shi kaɗai yake zuwa masallaci, masu shaguna suna kiran sunansa, ba mai ɓoye shi. Wannan aikin Yaya ne, kuma ya ɗore. Sai dai gwiwoyina sun fara gazawa. Kwanan baya na tara 'ya'yana na ce, "In na tafi, wa zai ɗauki ɗan'uwanku?" Babbansu ya ce, "Allah ya ja kwana, ya ummi." Sauran ba wanda ya ɗago kai.